Sunayen Tsirrai a Hausar Damagaram da Hanyar Gane Tsiron da Ba a Sani Ba

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama don shirya littafin karatu na manya a kan noma, ko kiwo, ko lafiyar iyali, ya san ba ya cika shafi uku sai ya ci karo da sunan wani itace ko wata ciyawa. A nan ne aiki yakan cije. Takardar da ma'aikacin gandun daji ko likita ya kawo da Faransanci take, sunan tsiron kuwa da Latin. Mai fassara yakan buɗe ƙamus, ya ɗauko kalmar Hausa ta farko da idonsa ya faɗa a kai, ya ɗora, a kai maɗaba'a. Idan aka yi sa'a kalmar ta dace da abin da mutanen wurin suke nufi. Idan ba a yi ba, to, an rubuta wa sabon mai karatu cewa ya dafa ganyen da ba shi aka nufa ba, shi kuwa sabon mai karatu yana ba rubutu gaskiya fiye da yadda tsohon mai karatu yake ba shi.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne mu amsa wasu tambayoyi da malaman yaƙi da jahilci da masu tattara kalmomi suke yawan yi game da sunayen tsirrai, sa'an nan mu shimfiɗa hanyar da za a bi a gane tsiron da ba a sani ba. Misalanmu daga ƙasar Damagaram muka ɗauko su. Abin da muke so mu tabbatar abu ɗaya ne, watau sunan Hausa shaida ce mai ƙarfi, amma shaida ɗaya ba ta yanke hukunci. Sai an haɗa sunan yadda aka ji shi, da tsiron kansa a busashe, da sunan da masana suka ba shi, kafin a ce an gane shi. Bukatar wannan ta ƙaru tun da kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, domin littattafan da za a nema da Hausa ba za su tsaya ga tatsuniya da lissafi ba.

Kalmomi uku za mu riƙa amfani da su da ma'ana ta musamman. "Iri" shi ne tsiro guda da masana suka ware da suna mai kalma biyu. "Gida" shi ne tarin ire-iren da suka yi tarayya a kalmar farko ta sunan. "Samfuri" shi ne reshe ko tsiron da aka tsinko aka busar don shaida.

2.0 Ƙasar da abin da aka riga aka rubuta

Damagaram ƙasar tsakani ce. A kudu, wajen Magariya, ruwan shekara yakan haura milimita 500, a birnin Zinder yakan yi kusan 400, in an doshi Tanut kuwa ya kasa 300. Saboda haka mai tafiya daga kudu zuwa arewa yana barin ɗorawa da kanya a baya, yana shiga ƙasar aduwa da anza da ƙayoyi. Ta fuskar harshe ma haka abin yake. Gidan sarautar Damagaram daga Barebari ya fito, ya daɗe yana bin Borno, ga Fulani da Buzaye suna kiwo a tsakanin gonaki, ga hanyar fatauci zuwa Kano da Daura a buɗe tun kafin zuwan Turawa. Itace ɗaya yana iya samun suna huɗu a kasuwa ɗaya.

Itacen da ya fi kowanne tarihi a nan shi ne gawo. Da baka da rubuce ana danganta wa Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, dokar hana saran gawo, da hukunci mai tsanani har na kisa. Bayan farin 1973 da na 1984 manoma sun koma ga barin tohon itatuwa a gonakinsu, har binciken da Larwanou da Abdoulaye da Reij suka yi a 2006 ya ƙiyasta cewa abin ya kai eka ta Faransa, watau hekta, kimanin miliyan ɗaya a Magariya da Matamai da Mirya, gawo kuwa shi ne kan gaba. Wannan aiki gaba ɗayansa a kan gane tsiro ya tsaya, domin manomin da yake sassabe dole ya san tohon da zai bari da wanda zai sare tun yana ɗan kamu ɗaya.

Rubuta sunayen ya daɗe da farawa. Heinrich Barth, wanda ya sauka Zinder ranar 25 ga Disamba 1852 ya tashi a ƙarshen Janairu 1853, ya sa sunayen Hausa na itatuwa da dama cikin labarin tafiyarsa. J. M. Dalziel, likita a Nijeriya ta Arewa, ya fitar da A Hausa Botanical Vocabulary a 1916, da The Useful Plants of West Tropical Africa a 1937, ƙamus na Bargery kuma ya fito a 1934. A ɓangaren Nijar akwai aikin Adam da Echard da Lescot na 1972 a kan tsirran magani na Adar, da jerin tsirran Nijar na Peyre de Fabrègues da Lebrun na 1976, da ƙamus na sunayen tsirrai cikin harsunan ƙasa da shi Peyre de Fabrègues ya biyo da shi, da littafin da Adjanohoun da abokan aikinsa suka fitar a 1980 a kan magungunan gargajiya. Duk waɗannan ayyuka ne masu daraja, amma kowanne da gurbin da ya bari. Masana tsirrai sun san itacen, sai dai kunnensu bai kama tsawon wasali da karin sauti ba. Masana harshe sun kama kalmar, sai dai sau da yawa ba su ga itacen da idonsu ba. Bugu da ƙari, abin da Dalziel da Bargery suka tara galibinsa daga kudancin iyaka ne, ba a kuwa yi alkawarin cewa abin da kalma take nufi a Katagum shi take nufi a Gure ba.

3.0 Tambayoyin da aka fi yi

3.1 Ko kowane sunan Hausa iri ɗaya yake nufi?

A'a. Dangantakar ta kasu kashi huɗu.

Na farko, suna ɗaya iri ɗaya. Wannan shi ne halin manyan itatuwa masu amfani, kamar kuka (Adansonia digitata), da tsamiya (Tamarindus indica), da aduwa (Balanites aegyptiaca), da gawo. A nan ƙamus ba ya cika ɓad da mutum.

Na biyu, suna ɗaya iri biyu ko fiye. Kalgo ya haɗa Piliostigma reticulatum, mai santsin ganye da santsin kwanso, wanda shi ne ya cika gonakin Damagaram, da Piliostigma thonningii, mai faɗin ganye da gashi-gashi a bayansa, wanda ya fi son ƙasar da ta fi ruwa. Dakwara, wadda wasu suke ce wa akwara, ta haɗa itatuwa biyu masu ba da ƙaro: ɗaya ƙayarta uku-uku take fita, ta tsakiya ta lanƙwaso ƙasa, na gefe su dubi sama, ɗayar kuwa galibi bibbiyu.

Na uku, iri ɗaya suna da yawa, gwargwadon shekarunsa ko sashen da ake bukata. Goriba da kaba tsiro ɗaya ne (Hyphaene thebaica): wanda ya yi gangar jiki ya yi ƴaƴa shi ne goriba, wanda yake ƙasa ana yankar ganyensa don tabarma da igiya shi ne kaba. Haka giginya da muruci. Ɗorawa ma tana ba da kalwa, da daddawa, da makuba. Baƙon da ya tara waɗannan kalmomi bai bincika ba zai zaci tsirrai dabam-dabam ne.

Na huɗu, inda Hausa ta rarrabe abin da masana suka tara a gida ɗaya. Gamji, da ceɗiya, da ɓaure, da durumi duk ƴan gidan Ficus ne, kowannensu iri ne mai zaman kansa, Bahaushe kuwa bai taɓa ruɗa su ba, ko da yake ba shi da kalma ɗaya da ta tara su. Wani lokaci ma rabon Hausa yakan bi wata hanya dabam da ta masana. Kauci yana fita a kan itatuwa iri-iri, masu magani kuma suna kiransa da sunan itacen da ya hau, a ce kaucin gawo, ko kaucin tsamiya, ko kaucin kanya, domin a wurinsu aikin kowanne dabam ne, alhali masanin tsirrai yana iya samun cewa iri ɗaya ne ya hau duka ukun.

Ga misali guda da zai nuna cewa maganar ba ta tsaya ga ƙawa ba. A Senegal, da kuma cikin littattafan Faransanci, kinkéliba na nufin Combretum micranthum, wanda Hausawa suke kira geza, ana shan ganyensa kamar shayi. A Nijar kuwa mutane da yawa in sun ce kinkiliba rai-ɗore suke nufi, watau Senna occidentalis. An daɗe da sanin cewa ƴaƴan rai-ɗore suna cutar da dabbobi in sun ci da yawa, a 2007 kuma likitocin yara a yammacin jihar Uttar Pradesh ta Indiya suka wallafa binciken da ya danganta wata cuta mai kashe yara, mai taɓa hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa, da cin ɗanyun ƴaƴan wannan tsiro. Mai fassarar da ya ga kinkéliba a takarda ya rubuta kinkiliba bai sake harafi mai yawa ba, amma ya sake tsiro ɗungum. Sa'an nan rai-ɗore ɗan gida ɗaya ne da tafasa (Senna obtusifolia), wadda ake kwaɗonta kowace damina. Abin da ya raba su a bayyane yake ga wanda aka nuna wa: ƴan ganyen tafasa shida ne, uku daura da uku, bakinsu a kewaye, kwansonta siriri mai lanƙwasa kamar lauje, na rai-ɗore sukan kai takwas ko goma, bakinsu da tsini, kwansonsa kuma a daddanne.

3.2 Wane suna ne daidai, na Kano ko na Damagaram?

Dukansu Hausa ne. Abin da ya kamata a rarrabe shi ne bambancin lafazi da bambancin kalma. A lafazi muna da kargo da kalgo, anza da hanza, garafuni da garahuni, ɗinya da ɗumniya, bagaruwa da gabaruwa inda gaɓoɓi biyu suka yi musayar wuri. Waɗannan ba su da haɗari ƙwarai, domin mai karatu yakan gane ƴar'uwar kalmarsa. Bambancin kalma shi ne mai wuya, kuma ya fi yawa ga tsirran da suka shigo daga baya. Itacen nan na Indiya, Azadirachta indica, wanda ya yaɗu a zamanin Turawa, dogon yaro ne a wani wuri, darbejiya a wani, bedi a wani, maina a wani. Zogale ma ana ce masa zogala-gandi, ana ce masa tamaka. Mafi wuya duka shi ne inda kalma ɗaya ta sake ma'ana da sakewar wuri. A Kano, gwanda ita ce ta lambu, ta jeji sai an ce gwandar daji (Annona senegalensis). A karkarar Nijar da yawa kuwa gwanda kai tsaye ita ce ta jeji, ta lambu sai an ce gwandar Masar. Kowane ɓangare ya bar sunan tsurarsa ga wadda ya fi sabawa da ita, ya ƙara wa baƙuwar bayani.

Shawararmu ita ce, a littafin da aka shirya don Damagaram a sa sunan da mutanen wurin suke faɗi a gaba, a biyo da na daidaitacciyar Hausa sau ɗaya a farkon ambato. Daidaita rubutu wajibi ne, amma soke sunan da manomi ya san itacensa da shi asara ce.

3.3 Me harɗaɗɗen suna yake faɗa mana?

Sunaye da yawa kalma biyu ne da mahaɗi a tsakani, kuma suna da tsari. Kalmar farko tana nuna tsiron da aka yi kama da shi, ta biyu tana nuna inda aka bambanta. In ta biyun sunan dabba ce, musamman kura, galibi ana nufin ba na cin mutane ba ne. Magarya (Ziziphus mauritiana) ana shan ƴaƴanta, magaryar kura (Ziziphus mucronata) ba a nemanta don daɗi. Gauta abin ci ne, gautan kura (Solanum incanum) yana da dafi. In ta biyun sunan ƙasa ce, kamar Masar ko Makka, ana nufin baƙo ne, ba lalle daga can ya zo ba. Akwai kuma sunayen da jimla ce sukutum, wasunsu gargaɗi ne: ci-ni-da-zugu (Jatropha curcas) yana faɗa wa mai ci ya tanadi likkafani, haukata-yaro kuma wani suna ne na zaƙami, ɗan gidan Datura.

Sai dai a lura, kamar da Bahaushe ya gani ba lalle ta zama ƴan'uwantaka a wurin masana ba. Magaryar kura ƴar gidan magarya ce da gaske, amma bagaruwar Makka, wadda wani suna ne na zogale, ba ta haɗa kome da bagaruwar majema ba sai suna.

Daga nan wata tambaya takan taso game da "namiji" da "mace". Ma'ana biyu ce. A dabino da giginya, da gwandar lambu, rabon gaskiya ne: wani itacen fure kawai yake yi, wani shi ne mai ƴaƴa, masu lambunan dabino kuma sun san haka sarai. Amma a sunaye irin su namijin kaɗanya, wanda ake samu can kudu, ana nufin wani iri ne dabam (Lophira lanceolata) mai kama da kaɗanya wanda ba ya ba da man da ake nema. Saboda haka duk sa'ad da aka ji "namijin kaza", sai a tambaya ko daga ƴaƴan uwa ɗaya suke fita.

3.4 Don me sunan Latin yake sakewa?

Masu fassara sukan ɗauka sunan Latin dutse ne. Tsarin kalma biyu ya kafu tun littafin Linné na 1753, amma kalmar farko tana bin ra'ayin masana game da gidan da tsiron ya fito, ra'ayi kuwa yana sakewa da ƙarin bincike. Delile ya sa wa gawo Acacia albida a 1813, Auguste Chevalier ya fitar da shi ya yi masa gida nasa a 1934, ya zama Faidherbia albida. Tafasa da rai-ɗore da filasko suna gidan Cassia cikin tsofaffin littattafai, aikin Irwin da Barneby na 1982 ya mai da su gidan Senna. Bayan taron masana tsirrai na duniya na 2005 a Biyana da na 2011 a Melbon, sunan Acacia ya tsaya galibi ga itatuwan Ostareliya, bagaruwa ta zama Vachellia nilotica, dakwara mai ƙaya uku ta zama Senegalia senegal. Cikin wannan lokaci duka gawo yana nan gawo. Abin da ya wajaba shi ne a rubuta sabon suna da tsohon tare, don wanda ya buɗe littafin 1976 kada ya zaci wani itace ake magana.

3.5 Yaya za a rubuta sunan?

Tsofaffin takardun ma'aikata da ƙa'idar Faransanci aka rubuta su: gao, adoua, dania, kiria. Irin wannan rubutu ba ya nuna ƙugiya, ba ya nuna tsawo, ba ya nuna kari. Taron Bamako na 1966, da na Yamai na Janairu 1980 wanda ya daidaita rubutun Nijar da na Nijeriya, da dokar ma'aikatar ilmi ta 1999, sun ba mu haruffan da suka ishe mu rubutun yau da kullum, watau ɗanya, ƙirya, ɓaure. Amma a takardar bincike haruffan kaɗai ba su isa ba. Kuka ta itace da kuka na hawaye rubutunsu ɗaya, wasulansu duka dogaye, kari ne kaɗai ya raba su: ta itace sama-ƙasa, na hawaye sama-sama. Baba na marina, watau ɗan gidan Indigofera, wasulansa biyu dogaye ne masu karin sama, ya sha bamban da baba mahaifi. Ɗanya (Sclerocarya birrea) da ɗinya (Vitex doniana) wasali ɗaya ne tsakaninsu, wanda rubutun gaggawa yake iya haɗiyewa. Geza kuma sunan itace ne, sunan irin ƙasa ne kuma. Don haka a katin bincike a rubuta sunan sau biyu, da rubutun yau da kullum da kuma mai nuna tsawo da kari, a ƙara jinsinsa da jam'insa, a kuma ɗauki muryar mai faɗi.

4.0 Hanyar gane tsiron da ba a sani ba

Mataki na farko shi ne a duba kafin a tambaya. A rubuta ko itace ne, ko kurmusu, ko ciyawa, ko mai yaɗo. A dubi ganye: guda ne ko mai ƴan ganye, daura da juna suke fita ko bi-da-bi, da gashi ko babu. A dubi ƙaya, miƙaƙƙiya ce ko mai ƙugiya, nawa-nawa take fita. A karya ganye a ga ko farin ruwa zai fito kamar na tumfafiya da aguwa, a murza a sansana, a ɗan kafta ɓawo a ga launin cikinsa. Ba a ɗanɗana tsiron da ba a sani ba. A rubuta wurin da ya fito, jigawa ce, ko fako, ko fadama, ko bakin tafki. Irin wannan dubawa ita take raba magarya da kurna, alal misali: ganyen kowaccensu jijiya uku gare shi daga tushe, amma bayan na magarya fari ne mai laushin gashi, na kurna kore ne mai santsi.

Mataki na biyu shi ne tambaya. A nemi aƙalla mutum uku, a tambaye su ɗaya-ɗaya, a gaban tsiron yana tsaye. Kada mai bincike ya fara ambaton suna, domin ladabi yakan sa a amsa wa baƙo da "haka ne". A zaɓi mutanen gwargwadon abin da ake nema: makiyaya ga ciyayi, mata masu tsinkar ganye ga na miya da na kwaɗo, masassaƙa ga manyan itatuwa, majema da marina ga na jima da na rini, masu magani ga saiwoyi da sassaƙe. Bayan "me ake ce da wannan?" sai a biyo da "da me ya yi kama, me kuma ya raba su?", domin amsar wannan ita ce take fito da alamomin da mutanen wurin suke gane shi da su, su ne kuwa za a sa a littafi. A rubuta garin mai amsa da harshen da ya tashi da shi. Wanda ya ce bai sani ba a rubuta haka, ya fi wanda ya ƙago suna nan take don kada baƙo ya tafi hannu wofi. Sassaƙe da garin magani da ake kasawa a Kasuwar Dole ta Zinder ba su isa shaida ba, sai an roƙi mai su ya kai mutum gindin itacen.

Mataki na uku shi ne samfuri. A yanko reshe mai tsawon kamar santimita 30, da ganye da fure da ƴaƴa in akwai, ciyawa kuwa a tumɓuko ta da saiwarta. A shimfiɗa tsakanin tsofaffin jaridu, a danne da katako da abu mai nauyi, a riƙa sake takardun kullum har ya bushe. A yi uku: ɗaya na mai bincike, ɗaya na cibiyarsa, ɗaya a aika wa masana tsirrai a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ko a hukumar binciken noma ta INRAN. Lamba ɗaya za a ba samfurin da katin da muryar da aka ɗauka. Lokaci ma abin lura ne. Ciyayi sai ƙarshen damina suke cika kamanninsu, gawo kuwa da damina yake zub da ganye, sai da kaka ya yi toho ya yi fure. Wanda ya zo sau ɗaya a watan Agusta zai koma da rabin labari.

Akan tambaya ko wayar hannu ba ta ɗauke mana wannan wahala ba. Manhajar Pl@ntNet, wadda cibiyoyin bincike na Faransa suka fitar a 2013, tana kwatanta hoton da aka ɗauka da hotunan da aka tara, ta ba da jerin sunayen Latin da take zato. Tana da amfani wajen taƙaita zato. Amma ƙarfinta gwargwadon yawan hotunan da aka tara ne na wannan tsiro, ba ta jin wari, ba ta ganin farin ruwa, ba ta kuma san abin da mutumin Mirya yake ce masa ba. A ɗauke ta matsayin mai amsa na huɗu, a rubuta abin da ta ce, a jira hukuncin samfuri.

5.0 Kammalawa

Tun daga makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci da aka buɗe a Zinder a 1973, an yi ƙoƙari mai yawa wajen ƙirƙirar kalmomin lissafi da na nahawu. Sunayen tsirrai ba sa bukatar ƙirƙira, domin suna nan a bakin jama'a, abin da suke bukata shi ne tabbatarwa. Ga masu tsara littattafai muna ba da shawara huɗu. Kada sunan tsiro ya shiga littafi sai yana da kati da samfuri mai lamba. Kowane tsiro na ci ko na magani a sa zanen ganyensa da ƴaƴansa, a gefensa kuma a sa na wanda ake ruɗa shi da shi. In cinsa yana da sharaɗi a faɗi sharaɗin a shafi ɗaya da sunan: anza (Boscia senegalensis) ta ceci rayuka a yunwar 1984 da ta 2005, amma ƙwayarta sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana sake ruwa kafin ɗacinta da cutarta su fita, littafin da ya ce "ana cin anza" ya yi shiru bai gama magana ba. Daga ƙarshe, kafin a buga, a kai shafin ajin manya a ƙauye biyu ko uku na yankin, a karanta sunan, a ce wa ɗalibai su je su tsinko. Abin da suka kawo shi ne ma'anar kalmar a wannan wuri.

Muna roƙon malaman da suke aiki a Magariya, da Matamai, da Mirya, da Gure, da Tanut, su fara da tsirrai ashirin da aka fi ci da damina da lokacin yunwa a garuruwansu, su cika musu kati bisa tsarin da muka bayyana, su aiko. Daga irin waɗannan katuna ne za a iya haɗa ƙamus na tsirran Damagaram wanda masanin harshe da masanin tsirrai za su sa wa hannu tare.